BABI NA UKU: TASHAR KANO DA TARIHIN GWAJIN HAƊUWAR KUMBUNA A SARARIN SAMANIYA

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi tsokaci ne a kan wani ɓangare na tarihin Kano wanda ba a cika ambatonsa ba, wato rawar da garin ya taka tsakanin 1961 da 1966, lokacin da Amurka ke koyon yadda kumbo zai kusanci wani kumbo a sararin samaniya, su yi tafiya a jere, daga bisani kuma su haɗe. A yau ƙananan taurarin ɗan'adam ne ake amfani da su wajen irin wannan gwaji. Abin da za a nuna shi ne, matsalar da ta sa aka buƙaci kafa tasha a Kano ita ce dai matsalar da waɗannan ƙananan taurari suka zo su warware, kuma warware ta na cikin abin da ya sa aka daina buƙatar tashoshi irin na Kano.

3.1 Fagge da Sabon Gari a Matsayin Mashigar Baƙi

Tun kafin zuwan Turawa, Fagge zango ne. A nan ayarin raƙuma na Buzaye da na Larabawa da suka ratso Sahara ke sauke kaya a wajen ganuwa, kafin a shiga da su Kasuwar Kurmi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai hada-hadar ciniki ta fara komawa gabashin birni. A wajen 1913 aka kafa Sabon Gari domin akawuna da ma'aikatan reluwe da masu sana'ar hannu da suka zo daga kudancin Nijeriya da Saliyo da ƙasar da ake kira Gana a yau. Ke nan Fagge ta kasance tsakanin birni da Sabon Gari, tana karɓar baƙon arewa, maƙwabciyarta kuma tana karɓar baƙon kudu.

Baƙo na uku ta sama ya zo. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sama uku na sojan Ingila suka sauka a Kano daga Masar, kuma su ne jirage na farko da suka sauka a Nijeriya. A 1936 aka fara jigilar wasiƙu ta jirgi tsakanin Hartum da Kano. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, filin jirgin da ke arewa da Sabon Gari ya zama zango ga jiragen yaƙi da ake harhaɗawa a Takoradi a kai su Masar. Bayan yaƙi, manyan kamfanonin jiragen Turai a nan suke shan mai idan sun ƙetaro hamada. Saboda haka a 1960 akwai 'yan garuruwa ƙalilan a tsakiyar Afirka ta Yamma da ke da jirgin ƙasa da babban filin jirgin sama da wayar tangaraho da ƙwararrun ma'aikata a wuri guda kamar Kano. Da yawa daga cikin waɗannan ma'aikata na gidan waya da reluwe da filin jirgi a Sabon Gari suke zaune.

3.2 Dalilin Kafa Tasha a Kano

Bayan Tarayyar Sobiyat ta harba Sputnik ranar 4 ga Oktoba 1957, Amurka ta kafa hukumar NASA a 1958, ta kuma fara shirin Mercury domin aika mutum ya kewaya duniya. Kumbon Mercury yana tafiya ne a tsayin kilomita 160 zuwa 260, kuma yana kewaya duniya cikin kimanin minti 90. Irin rediyon da ake magana da shi da kumbo ba ya lanƙwasa ya bi doron ƙasa. Sai kumbon ya ɓullo a sararin tasha ake jin sa, da ya faɗa bayan gari kuma shi ke nan. Wannan ba ya wuce minti biyar zuwa bakwai. Don haka dole aka jera tashoshi kamar zangon fatake, wannan ta miƙa wa wancan. An kafa guda 18, biyu daga ciki a kan jiragen ruwa.

Kumbon da ya tashi daga Filorida yana bi ta saman Bamuda, ya ratsa Tekun Atilantika zuwa Tsibiran Kanari, sannan ya gangaro kudu maso gabas ya ratsa Afirka ya fita ta wajen Zanzibar. Kano tana kan wannan hanya. A watan Oktoba 1960, makonni kaɗan bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sa hannu a kan yarjejeniya da Amurka a Legas domin kafa tashar a kusa da Kano.

Yanayin siyasar lokacin bai sauƙaƙa irin wannan yarjejeniya ba. A watan Fabrairu 1960 Faransa ta gwada bam ɗin nukiliya a Reggane cikin Saharar Aljeriya, abin da ya tayar da hankalin mutanen da iskar hunturu ke kaɗowa daga can, har Nijeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a Janairu 1961. A watan Mayu 1960 kuma Rasha ta harbo jirgin leƙen asirin Amurka mai suna U-2. Ɗalibai sun yi ta zanga-zanga a kan yarjejeniyar tsaro da Ingila har aka soke ta a Janairu 1962. A Zanzibar an yi gangami na ƙin amincewa da tashar da aka kafa a can, bisa zargin cewa sansanin makamai ne. Tashar Kano dai ba ta da makami, ba ta ma da na'urar rada mai auna nisan abu da saurinsa. Aikinta biyu ne: ta saurari bayanan da kumbo ke aikowa game da lafiyar injinansa da bugun zuciyar ɗan sama jannati, ta kuma yi magana da shi. Daga nan sai a aika da bayanan ta rediyo da tangaraho mai buga rubutu zuwa cibiyar Goddard a Amurka, inda kwamfutoci ke lissafi.

Ranar 20 ga Fabrairu 1962, cikin watan azumi, John Glenn ya bi ta saman Kano jim kaɗan bayan ƙarfe huɗu na yamma agogon Nijeriya. Ya shaida wa tashar cewa yana hango ƙura ta turnuƙe a ƙasa, ma'aikatan suka amsa masa da cewa an shafe mako guda ana iska mai ƙarfi. Abin da Glenn ya gani daga sama, wanda ya shiga kundin tarihin tafiyarsa, shi ne hazon hunturu da kowane Bakano ya sani. A saman Kano ne kuma ya karɓi tuƙin kumbon da hannunsa ya juya shi ya fuskanci inda yake tafiya.

3.3 Matsalar Kusantar Juna

A watan Yuli 1962 NASA ta yanke shawarar yadda za a je duniyar wata: babban kumbo zai tsaya yana kewaya watan, ƙarami ya sauka da mutum biyu, sannan ya taso ya nemi babban ya haɗe da shi. In ba su haɗu ba, mutanen biyu ba su da hanyar dawowa gida. A lokacin ba wanda ya taɓa haɗa kumbo da kumbo. Rasha ta aika Vostok 3 da Vostok 4 a watan Agusta 1962, sun gitta juna da tazarar 'yan kilomitoci, amma ba su da injin da zai kusanta su. Shirin Gemini, mai ɗaukar mutum biyu, an ƙirƙiro shi ne musamman domin a koyi wannan aiki, kuma tashar Kano ta ci gaba da aiki a ƙarƙashinsa. Tashar Zanzibar kuwa an rufe ta bayan juyin juya halin Janairu 1964, aka mayar da aikinta Tananarib a Madagaska.

Wahalar abin tana cikin yadda tafiyar falaki ta saɓa wa hankalin ɗan'adam. Direban da ke son cim ma motar da ke gabansa a hanyar Zariya sai ya ƙara mai. A falaki kuwa, wanda ya ƙara gudu zai haura sama ne, kuma falakin sama ya fi tsawo, tafiyarsa kuma ta fi jinkiri, don haka sai wanda ake bi ya ƙara yin nisa. Mai son cim ma na gabansa sai ya taka birki ya sauko ƙasa, ya bi gajeriyar hanya, sannan ya haura ya tare shi. A watan Yuni 1965 James McDivitt, matuƙin Gemini 4, ya yi ƙoƙarin kusantar ragowar rokar da ta kai shi sama. Ya nufe ta kai tsaye kamar yadda matuƙin jirgin yaƙi ya saba, ya ƙone mai da yawa, ita kuwa sai ƙara nisa take yi, har aka ce ya haƙura. Wannan ya nuna ana buƙatar abin gwaji na musamman.

3.4 Ƙaramin Tauraro na Gemini 5

Abin gwajin da aka yi shi ne za a iya kira kakan ƙananan taurarin gwajin haɗuwa. Wani ɗan akwati ne mai nauyin kilo 34, wato bai kai rabin buhun gero ba. A cikinsa akwai batir, da na'urar da ke amsa kiran rada, da fitilu masu walƙiya domin a hango shi cikin duhu. Ba shi da inji. An ɗaure shi a bayan Gemini 5, wanda Gordon Cooper da Charles Conrad suka tashi da shi ranar 21 ga Agusta 1965. Shirin shi ne su sake shi, su yi nisa da shi da gangan, sannan su dawo su nemo shi da rada da kwamfutar cikin kumbo.

An sake shi bayan awa biyu da minti 13 da tashi, kuma rada ta kama shi. Sai dai a daidai lokacin ne matsin iskar oksijin ya faɗi a na'urar da ke ba kumbon lantarki, domin abin ɗumama tankin ya lalace. Dole aka kashe rada da kwamfuta da sauran na'urori don a tsimi wuta, har aka fara shawarar a dawo da su gida. 'Yan sama jannatin suka riƙa hango ɗan akwatin yana walƙiya a kusa da su, ba damar bin sa, har batirinsa ya mutu. Da lantarki ya daidaita, sai aka ba su wani wuri a falaki wanda ba komai a cikinsa, aka ce su ɗauka kumbo ne, su isa gare shi a lokaci kaza. Suka isa. Wannan ya tabbatar da cewa lissafin daidai ne ko da ba a taɓa abin da hannu ba. Wata guda bayan haka, a Satumba 1965, Cooper da Conrad suka yi rangadin wasu ƙasashe, ciki har da Nijeriya.

Haɗuwa ta gaskiya ta zo ne ta hanyar da ba a shirya ba. Rokar Agena da aka harba domin Gemini 6 ya bi ta ta tarwatse ranar 25 ga Oktoba 1965. Sai aka yanke shawarar a yi amfani da Gemini 7 a madadinta. Ranar 15 ga Disamba 1965 Walter Schirra da Thomas Stafford suka kawo kumbonsu kusa da na Frank Borman da James Lovell har tazarar santimita 30, suka yi sa'o'i suna tafiya tare, suna ganin fuskokin juna ta taga, alhali kowannensu yana gudun kimanin kilomita 28,000 a awa.

3.5 Shekarar 1966 a Sama da Ƙasa

Ranar 16 ga Maris 1966, wata biyu bayan juyin mulkin da aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Tafawa Ɓalewa, Neil Armstrong da David Scott suka cusa hancin Gemini 8 cikin wata Agena, suka kulle. Wannan ne karo na farko da kumbo biyu suka haɗe. Kimanin rabin awa bayan haka, sun wuce Tananarib ba wata tasha da ke jin su, sai kumbunan suka fara juyawa. Suka zaci laifin Agena ne, suka rabu da ita, sai juyin ya ƙaru har ya kai kusan sau ɗaya a kowace daƙiƙa. Ashe ɗaya daga cikin ƙananan injinan nasu kumbon ne ya maƙale a kunne. Armstrong ya kashe injinan tuƙi gaba ɗaya, ya tsayar da juyin da injinan da aka tanada don saukowa. Doka ta ce in an taɓa waɗannan to tafiya ta ƙare. Aka kunna rokokin birki a saman Afirka cikin dare, suka faɗa Tekun Fasifik bayan awa 10 da minti 41, maimakon kwana uku. Abin lura a nan shi ne, a lokacin da aka fi buƙatar shawarar ƙasa, babu tashar da ke ji. Da injiniyoyi suna kallon bayanan kumbon a lokacin, da wuya su ɗauki tsawon wannan lokaci ba su gano injin da ya maƙale ba.

Sauran tafiye-tafiyen Gemini huɗu sun zo ne a watannin da suka fi kowane muni a tarihin Sabon Gari. A ƙarshen Mayu 1966, bayan Janar Ironsi ya kafa Doka ta 34 wadda ta soke jihohi, rikicin da ake kira Araba ya ɓarke a garuruwan Arewa, aka kashe mutane a Sabon Gari, galibinsu 'yan ƙabilar Ibo. Mako guda bai cika ba Gemini 9 ya tashi ranar 3 ga Yuni, ya iske abin da zai haɗe da shi murfinsa bai gama buɗewa ba, aka fasa. Gemini 10 ya sauka kwana takwas kafin juyin mulkin 29 ga Yuli. A Satumba Gemini 11 ya haɗe da Agena tun a kewaye na farko, suka kuma yi tafiya ɗaure da igiya mai tsawon mita 30. Ranar 1 ga Oktoba sojojin Bataliya ta 5 suka yi bore, aka yi kisa a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari. Dubban mutane suka bar garin zuwa Gabas, ciki har da da yawa daga ma'aikatan waya da reluwe da aka ambata a baya. A Nuwamba, lokacin da radar Gemini 12 ta lalace har Edwin Aldrin ya yi lissafin haɗuwa da hannu, gidaje da yawa a Sabon Gari babu kowa a ciki. Da Gemini ya ƙare a wannan wata, ba a sa Kano cikin tashoshin shirin Apollo ba.

Ba rikici kaɗai ya kawo haka ba. Kumbon da ya nufi wata yana nesa ƙwarai, manyan faifan sauraro uku a Amurka da Sifen da Ostareliya sun isa su riƙa ganinsa dare da rana. Bugu da ƙari, taurarin sadarwa sun fara aiki. Alamar wannan ta bayyana tun ranar 23 ga Agusta 1963, lokacin da Shugaba Kennedy ya yi magana da Tafawa Ɓalewa ta tauraron Syncom 2, ta hanyar wani jirgin ruwan Amurka da ke tashar Legas. Daga 1983 kuma NASA ta fara dasa taurarin da ke karɓar saƙon kumbo daga sama su miƙo shi ƙasa, aka rufe yawancin tashoshin da suka rage.

3.6 Komawar Aikin Hannun Ƙananan Taurari

Darasin Gemini 8 shi ne kumbo ya iya ganin abokinsa ya yanke shawara ba tare da jiran ƙasa ba. Rasha ta riga kowa, domin ranar 30 ga Oktoba 1967 Kosmos 186 da Kosmos 188 suka haɗe ba mutum a ciki. Japan ta maimaita a 1998 da tauraronta ETS-VII. Amma waɗannan manya ne masu tsada, kuskure ɗaya kuma asara ce babba.

A nan ne ƙananan taurari suka shigo. A 1999 ɗaliban jami'ar MIT a Amurka suka fara ƙera wasu 'yan dunƙulallun taurari masu suna SPHERES, kowanne girman ƙwallon ƙafa, nauyinsa kimanin kilo huɗu. A 2006 aka kai uku cikin Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa. A cikin ɗakin tashar suke shawagi, kowanne da ƙananan bututu 12 masu fesa iska domin motsi, suna gane inda suke ta hanyar sautin da kunnen mutum ba ya ji. Amfaninsu shi ne, idan lissafin da aka ɗora musu ya kuskure, ɗan sama jannati zai miƙa hannu ya kama su, a gyara a sake. Abin da ya kusa cin ran Armstrong ya zama abin da ake gwadawa sau da dama a yini ɗaya, har ɗaliban sakandare suka riƙa gasar rubuta musu umarni daga 2009. An yi aiki da su har 2019. A wajen tasha kuma Suwidin ta harba tagwayen PRISMA a 2010, Jami'ar Toronto ta harba CanX-4 da CanX-5 a 2014, Indiya kuma ta haɗe tagwayenta na SpaDeX ranar 16 ga Janairu 2025.

Nijeriya ba ta kafa tata hukumar sararin samaniya ba sai 1999, shekara 33 bayan Gemini, kuma a Abuja aka kafa ta. A iya cewa abin da Kano ta bayar a shekarun 1960 fili ne da sararin sama, ilimin kuwa ya koma inda ya fito. Kamfanin Surrey na Ingila, wanda a shekarar 2000 ya gwada kusantar da wani tauraro mai kilo shida da rabi, SNAP-1, zuwa ga tauraron Sin bai yi nasara ba, shi ne ya ƙera NigeriaSat-1 tare da horar da injiniyoyin Nijeriya. An harba shi daga Rasha a Satumba 2003, ya shiga ayari ɗaya da taurarin Aljeriya da Turkiyya da Ingila domin ɗaukar hoton wuraren da bala'i ya afka wa. Sai dai wannan ayari ne mai tazarar dubban kilomitoci, ba tafiyar kafaɗa da kafaɗa ba. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure ta shiga wani shiri na Japan tare da Gana da Mongoliya da Bangaladash, aka ƙera NigeriaEduSat-1, ɗan akwati mai santimita goma kowane gefe da nauyin kimanin kilo ɗaya. An sake shi a watan Yuli 2017 daga tashar da SPHERES ke shawagi a cikinta. Kamar akwatin Gemini 5, shi ma ba shi da injin da zai kusanta shi da wani, kuma ya faɗo ya ƙone a 2019.